Sau bakwai ina ƙulla niyyar komawa hadda, kuma kowace shekara a Shawwal nake tsayawa

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Akwai wata damuwa da na daɗe ina ɓoyewa, har na ga ɓoyewar ba ta amfana mini komai ba, shi ya sa na kawo ta gabanku ko Allah zai sa a dace.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano. Shekaruna 38, ina da iyali da 'ya'ya huɗu. Na yi makarantar allo a unguwarmu tun ina ƙarami, daga baya na shiga Islamiyya, inda na haddace izu goma, wato daga Nasi har Ahƙafi, kafin mahaifina ya kai ni wurin ubangidana a kasuwa ina ɗan shekara 17. Tun daga ranar hadda ta tsaya, kuma abin da na riƙe ma ya yi ta zubewa, har ya zama a yau idan aka ce in ja sallar Isha'i ba na yarda in wuce izu biyu na ƙasa, domin na san inda harshena zai sarƙe.

Wannan shi ne azumi na bakwai da nake ƙulla niyyar komawa. Duk lokacin da goman ƙarshe ta shigo, na tsaya a bayan limami yana jan tahajjudi da ka, sai zuciyata ta karye, in ji babu abin da nake so a duniya kamar in zama cikin mahaddata. A cikin watan kuwa ba na wasa. Ina tashi sahur, ina zama a masallaci bayan Asuba har rana ta fito, ina ƙara sumuni guda a kullum, duk da cewa a lokacin ne kasuwarmu ta fi cika saboda kayan Salla, ga baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru, wani lokaci ko zama mutum ba ya samu. Amma da an sha ruwa na ƙarshe, an yi yawon Salla, an shiga bukukuwan aure da ake ɗagewa zuwa bayan azumi, sai in ce bari in huta kwana uku. Kwana ukun nan kan zama mako, makon ya zama wata, kafin in ankara an fara maganar ragon layya. Bayan Asuba barci nake komawa, da dare kuma waya ce a hannuna har ƙarfe sha biyu. Ina da Alƙur'ani sababbi guda huɗu a gida, kowanne na saye shi ne a ranar da na ƙulla sabuwar niyya.

Abin da ya sa na kasa yin shiru a bana shi ne, babbar 'yata mai shekara 11 ta kawo mini Mujadala ta ce in saurara mata, na karɓi Alƙur'ani ina bi da ido domin ba zan iya gyara mata da ka ba. Tambayata ita ce, shin rashin ikhlasi ne ke damuna, ko ƙwaƙwalwar ce ta tsufa? Kuma yaya mutum yake yi himmarsa ta daina zama wutar kara?

Tsohon Gardi:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka fito ka faɗi abin da mutane da yawa suke fama da shi a ɓoye. Maganar ikhlasi tsakaninka da Ubangijinka ce, babu wanda zai shiga zuciyarka ya auna, amma ni ban ga alamar munafunci ga mutumin da ya shekara bakwai abu yana cin ransa ba. Maganar tsufa kuwa ka ajiye ta, gemu ba ya hana ilimi, kuma na saurari haddar mutanen da suka girme ka da shekara ashirin.

Ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka, za ka ga amsar tana ciki. Ka ce a watan da kasuwa ta fi cika ne kake karatu, a watan da ta lafa kuma kake bari. Ashe ke nan lokaci bai taɓa yi maka ƙaranci ba. A watan azumi sahur ne ke tashinka, masallaci cike yake da masu karatu a hagunka da damanka, gari duka ya karkata wuri guda, sai ka bi ayari ka ɗauka ƙarfin himmarka ne ke tafiya da kai. Da ayarin ya watse ranar Idi, sai aka bar ka kai kaɗai da niyya, ita kuwa niyya ba ta tashin mutum daga barci.

Na yi shekara goma sha huɗu a tsangaya, kuma zan gaya maka cewa babu malaminmu ko ɗaya da ya taɓa tambayar almajiri ko yana jin sha'awar karatu yau. An riga an yanke lokacin: akwai zaman Asuba, akwai na yamma, akwai na dare a gindin wuta, Alhamis da Juma'a kuma hutu ne. An yanke yawan karatun, domin abin da allo ya ɗauka shi ne rabonka, kuma ba ka wanke shi sai ka biya wa malam ya gamsu. Yaro ɗan shekara tara ba shi da himmar da ta kai taka, amma yana sauka, saboda ba a bar masa shawarar yaushe, nawa, kuma a gaban wa ba. Kai kuwa kullum da safe sai ka sake zama da zuciyarka kuna ciniki, kuma ka fi ni sanin cewa wanda ya tsaya ciniki da mai wayo kullum, wata rana sai an ci shi.

Sumuni a rana ɗaukar Dala ba gammo ne ga mai shago da 'ya'ya huɗu. Mu yi lissafi irin naku na 'yan kasuwa. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne, kowane shafi layi 15. Ahƙafi tana farawa a shafi na 502, saboda haka abin da ya rage maka shafi 501 ne, wato kimanin layi 7,500. Idan ka ɗauki layi biyar kacal a rana, kwana biyar a mako, layi 25 ke nan, kuma a mako 300 ka gama, abin da bai cika shekara shida ba. Da tun azumin farko da ka ƙulla niyya ka kama layi biyar ɗin nan da za ka raina, da yanzu an ci walimar saukarka. Ba na faɗa maka haka don in ƙara maka baƙin ciki, ina so ne ka daina ganin ƙanƙantar kaɗan. Hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, yana cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya shekara takwas a kan Baƙara yana koyon ta. Shi kansa Alƙur'anin a cikin kimanin shekara 23 aka saukar da shi, kuma an faɗi hikimar a cikin Furƙani, cewa domin a tabbatar da zuciyar Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Amma shawarata ita ce kada ka ƙara ko layi ɗaya tukuna. Mai gini ba ya ɗora bene a kan katangar da ta tsage. Izu goman nan rubu'i 40 ne, ka riƙa tilawar rubu'i guda a kullum har ka zagaye su sau biyu, sannan ka fuskanci Jasiya, wato surar da za ka fara sabuwar hadda da ita. Ka zaɓi ɗaya daga cikin Alƙur'anan nan huɗu ka ba da ukun sadaka a masallaci, domin ido yana haddace wurin da aya take a shafi, kuma canza bugu yana rikita mahaddaci. Haka nan ka tsaya a kan ruwaya guda, tunda Warshu ka fara da ita a allo, Hafsu kuma a Islamiyya. Abu mafi girma duka, ka nemi mutumin da zai zauna yana jiranka a wuri sananne bayan sallar Asuba, wanda za ka ji nauyin ka bar shi zaune. Ba sai gwani ba, duk wanda ya iya duba Alƙur'ani ya tsayar da kai idan ka yi kuskure ya isa.

Malamar Matan Aure:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na ƙaru da bayaninka ƙwarai, sai dai ina neman izini in saɓa maka a wuri guda, bisa abin da nake gani a ajin matan aure da nake koyarwa ranakun Asabar da Lahadi.

Idan aka ce wa babba ya yi wata uku yana maimaita abin da ya haddace tun yana yaro, ba tare da ya ga ya matsa gaba ko taku ɗaya ba, sau da yawa gwiwarsa sanyi take yi, musamman da yake kowace tilawa tana tuna masa yawan abin da ya zubar. Almajirin tsangaya yana da malami a kansa da zai hana shi gudu, amma Alhaji babu mai riƙe shi sai ɗan daɗin da yake ji. Saboda haka ni ina barin ɗalibaina su ƙara layi uku sababbi tare da tilawar tsohon, kuma na lura cewa layi ukun nan ne ke dawo da su aji, domin mace tana son ta ce wa mijinta yau ta shiga sabuwar sura.

Ni ma na sha irin wannan wahalar bayan haihuwata ta uku, lokacin da na yi kusan shekara biyu ban buɗe hadda ba. Kullum ina jiran ranar da gida zai yi shiru in zauna awa guda, ranar kuwa ba ta zo ba. Abin da ya fitar da ni shi ne na daina neman sabon lokaci, na liƙa karatun a jikin abin da ba ya wuce ni. Na ajiye Alƙur'anina a kan dardumar da nake salla, a buɗe a shafin da nake, na sa wa kaina sharaɗin cewa ba na naɗe dardumar Asuba sai na karanta layukana sau goma. Da rana kuma ina wanke-wanke ina sauraren ƙira'ar Shaihu Husari a kan layukan, saboda yana ja a hankali, harafi bayan harafi. Sai in karanta su a nafilar bayan Magariba, a nan ne nake gane ko sun zauna.

Alhaji, ka ambaci waya a taƙaice ka wuce, ni kuwa a nan na ga babbar ɓarakar. Wanda ya kwanta ƙarfe sha biyu ba zai zauna bayan Asuba ba ko da niyyarsa ta kai dutse ƙarfi, domin jiki yana da haƙƙinsa kuma sai ya karɓa. Zaman Asuba tun daga Isha'i ake shirya shi. Ka sa wayar caji a falo ƙarfe goma, ka sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, ka gaya wa uwargida abin da ka ƙudurta domin ta taimaka maka. Game da mai saurare kuma, ban ga dalilin da zai sa ka tsallake 'yarka ba. Ranar da malami bai samu ba, ka miƙa mata Alƙur'ani ta saurara maka. Babu abin kunya a ciki, kuma ba za ta taɓa mantawa da cewa ta ga mahaifinta yana koyo ba.

Malamin Sakandare:

Ni ba mahaddaci ba ne, malamin makaranta ne da ya karanci halayyar ɗan Adam a kwalejin horar da malamai, kuma abin da ya ja hankalina shi ne yadda maganar malaman nan biyu ta yi daidai da abin da masu bincike suka gano ta wata hanyar.

Akwai wani masani Bajamushe mai suna Peter Gollwitzer da ya daɗe yana nazarin tazarar da ke tsakanin niyya da aiki. A wani bincike da aka wallafa a 1997, shi da abokiyar aikinsa sun nemi ɗaliban jami'a a Jamus su rubuta rahoto a kan yadda suka yi jajiberin Kirsimeti, su kammala cikin kwana biyu. Sai aka sa rabinsu su faɗi tun da wuri a wane lokaci kuma a wane wuri za su zauna su rubuta, sauran kuma aka bar su da niyya kawai. Fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka yanke lokaci da wuri sun rubuta a kan kari, alhali a ɗaya ɓangaren kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka yi. Dukkansu sun yi niyya, bambancin kawai shi ne wasu sun gama shawara tun kafin lokacin ya zo. Saboda haka, Alhaji, “zan koma hadda” buri ne, amma “idan liman ya yi sallama a Asuba, zan matsa jikin ginshiƙin dama in biya wa wane rubu'ina” shiri ne, kuma ina ba ka shawara ka rubuta naka da irin wannan dalla-dallar.

Sai batun tsawon lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki. Ana yawan yaɗa cewa kwana 21 ne, kuma wannan magana ta karya gwiwar mutane da yawa da suka kai kwana 22 suka ji har yanzu da nauyi. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a da ke Landan sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowanne ya zaɓi ƙaramin abu guda da zai riƙa yi kullum, kamar shan ruwa tare da abincin rana ko ɗan gudu kafin abincin dare. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna cewa matsakaicin lokacin kwana 66 ne, amma bisa ƙiyasinsu yana iya kamawa daga kwana 18 har zuwa 254 gwargwadon mutum da nauyin aikin. Hadda ta fi shan ruwa nauyi nesa ba kusa ba, don haka ka sa ran watanni, kada ka zargi kanka idan bayan wata biyu kana jan ƙafa zuwa wurin zaman.

Abin da ya fi amfani gare ka a binciken, a ganina, shi ne sun gano cewa tsallake rana ɗaya bai rushe sabon da ake ginawa ba. Ina zargin ba hutun kwana ukun Salla ne ke kashe maka karatu ba, hukuncin da kake yanke wa kanka bayansa ne, cewa tunda an riga an karya, sai wani azumin. Hausawa suna cewa sabo turken wawa, amma turken da ke riƙe mutum a kan waya har tsakar dare, irinsa ne zai riƙe shi a kan allo idan aka kafa shi a can.

Tsohon Gardi:

Malama, na karɓi gyaranki a kan layi uku, kin fi ni sanin manya masu iyali. Sharaɗina ɗaya ne, duk ranar da lokaci ya ƙure, sabon ne zai haƙura, tilawar ba ta faɗuwa, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi rantsuwa cewa Alƙur'ani ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu.

Maganar tsallake rana kuma tana da asali a wurinmu. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa wanda barci ya ɗauke shi ya bar abin da ya saba karantawa da dare, sannan ya karanta shi tsakanin Asuba da Azahar, za a rubuta masa kamar da daren ya karanta. Ka ga an buɗe ƙofar ramuwa, kuma an sa mata iyaka kusa. Alhaji, ka yanke tun yau inda za ka rama idan Asuba ta kuɓuce maka, kada ka bari sai ranar ta zo.

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Na yi shiru mako biyar ne da gangan, domin na ji kunyar in dawo da godiyar baki kawai. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ji ƙan mahaifanku.

Na ba da Alƙur'ani uku a masallacin unguwarmu, na riƙe ɗaya. Wanda yake saurara mini wani dattijo ne tela da muke sahu ɗaya da shi shekara da shekaru, ban taɓa sanin ya sauke da ka ba sai da na faɗa masa buƙatata. Muna zama daga Asabar zuwa Laraba, kimanin minti 25 bayan sallama, in biya masa rubu'ina sannan layi uku na Jasiya. A cikin zama 25 na rasa huɗu. Uku daga ciki na rama su a shago kafin Azahar, kafin kasuwa ta buɗe sosai, na huɗun kuma ya wuce ni gaba ɗaya ranar da aka kwantar da ƙaramin ɗana a asibiti, kuma washegari na fito ban tsaya yi wa kaina shari'a ba. Izu huɗu na ƙasa sun zo da sauƙi, amma Mumtahana sai da ta ci mini kwana uku, yanzu ina cikin Hashri.

Ba zan ɓoye muku ba, wayar ce har yanzu ba mu gama da ita ba. Kwastomomina na Nijar da Chadi da dare suke turo saƙo ta WhatsApp, kuma na kasa ajiye ta ƙarfe goma kamar yadda Malama ta ce, sai sha ɗaya saura. Akwai safiyoyi da yawa da babu abin da ya fitar da ni daga ɗaki sai tunanin dattijon nan zaune a jikin ginshiƙi da Alƙur'ani a buɗe.

Abin da ke gabana yanzu shi ne kasuwar Babbar Salla, ga kuma tafiyar kwana shida da zan yi zuwa Legas ɗauko kaya. Mun yi magana da shi cewa a kwanakin tafiyar zan ajiye Jasiya, in riƙa kiransa a waya ƙarfe shida da rabi na safe in biya masa rubu'in kawai. 'Yata kuma ta ce ranar Juma'ar da zan dawo ita ce za ta saurara mini Mujadala.